Ranar da Radka Ta Zaɓi Suruka

Maɓallin wuya ne ya fi ba su wahala kullum. Radka ta tsaya gaban mahaifinta tana kallon yatsunsa na farautar ramin maɓallin, su kama shi, su kuɓuce. Ba ta sa hannu ba sai da ya sauke nasa don kansa. Ta riga ta gane halinsa: in aka riga shi, ranar ko cokali ba zai ɗauka ba.

"Sa min, 'yar nan, kafin in shaƙe kaina a banza," in ji Vendelin.

Ta sa masa, ta gyara masa wuyan koriyar rigar ƙungiyar maharba.

"Baba, ba dole ba ne fa sai ka je."

"Zaman gidan ma ba dole ba ne. Tun ba a haife ki ba ban taɓa fashin Harbin Sarki ba. Layin harbi suka hana ni, ba su hana ni benci ba."

A garin Hrabinka, Asabar ta farko bayan an kwashe dankali ita ce ranar Harbin Sarki. Da safe kowane ɗan ƙungiya zai yi harbin share fage da bindigarsa. Wanda ya fi kowa shi zai kara da sarkin harbi mai ci, harsashi ɗai-ɗai, da hannu ɗaya, a kan allon katako da sarkin ya sa aka yi wa zane. Wanda harsashinsa ya fi kusa da wurin da aka ambata shi ne sarki. Allon ya zama nasa, ya rataye a zauren ƙungiya ko ya tafi da shi gida, kuma shi zai faɗi abin da za a zana baɗi.

Vendelin ya daɗe yana sarki, har mutane suka daina tambaya. Rabin maharban garin shi ya koya musu riƙon bindiga, kuma hanyarsa ɗaya ce: ya tsayar maka da kwanson harsashi a doron bindiga, ka miƙe hannu, ka tsaya kada ya faɗi. Lumir Zavadil, mai shagon tayoyi a bakin babban titi, a haka ya koya. A ɗakin girkin su Radka ya yi ta zubar da kwanso yana cin miyar mahaifiyarta tun tana raye. Da ya ƙware ya karɓe sarautar, Vendelin da kansa ya rataya masa sarƙar azurfa yana murna.

Sai rawar hannu ta kama Vendelin. Ta fara kaɗan-kaɗan, ya ɓoye ta shekaru. Bara duk da haka ya ci share fage, ya fito zai kara da Lumir. Ashe tun cikin hunturu Lumir ya shigar da sabuwar doka, wai don lafiyar jama'a: duk wanda aka yi shakkar hannunsa, ana iya kiran gwajin kwanso a kansa. Mai kira shi zai fara yi. Wanda kwansonsa ya faɗi kafin alƙalin fili ya gama karanta taken ƙungiya, ya bar layin harbi ke nan har abada.

Radka tana cikin 'yan kallo ranar da Lumir ya kira gwajin a kan mahaifinta. Ba ta manta ƙarar kwanson a kan siminti ba. Ƙara ce 'yar mitsitsiya, amma duk filin ya ji ta. Aka raka mahaifinta bayan shinge, Lumir na dafa kafaɗarsa yana cewa, "Ka huta haka nan, Kawu, ka yi mai wuyar."

Radka ta koma gida da abin a ranta. Dama ba a san ta da magana ba. A makarantar firamaren da take koyarwa ma sai yara sun yi tsit ake jin muryarta. Sati bai zagayo ba ta sa sunanta a jarrabawar lasisin bindiga. Da ta samu ta sayi bindiga, ta riƙa zuwa filin harbin garin da ke gaba inda ba wanda ya san ta, ana ruwa ana ƙanƙara. Da bazara ta shiga ƙungiyar Hrabinka, maza suka yi ta murmushi suna ba ta hanya.

Suka iske filin ya cika. Hayaƙin gashin tsiren alade ya rufe bakin rumfa, masu busa ƙaho suna gwada kayansu, kowa riƙe da kofin giya sai waɗanda za su yi harbi, don su sai an gama. Radka ta zaunar da mahaifinta a bencin bayan shinge, ta rufe masa gwiwa da bargo. Ya ture.

Allon yana tsaye a can ƙarshen fili, lulluɓe da farin ƙyalle. Goggo Kveta na gefensa. Ita ke dafa wa ƙungiya abinci, ita kuma ke zanen allo tun zamanin sarautar Vendelin. Al'ada ta ce ta zana abin da sarki ya ce, ta kuma kame bakinta har ranar buɗewa. Yau ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Lumir ya fito da sarƙarsa a ƙirji, ja wur kamar kullum, murya kamar ganga.

"Jama'ar Hrabinka! Bana na ce a karrama manya!"

Ya fizge ƙyallen.

Tsoho ne a zane cikin koriyar riga, da gashin baki irin na Vendelin, da tabon da ke goshin Vendelin. Ya miƙa hannun dama da bindiga, amma hannun ba ɗaya ba ne. An zana shi birjik, sama da ƙasa, kamar fiffiken kazar da aka yanka. Zomaye sun zauna a gabansa suna dariya, tsuntsaye kuwa na faɗowa daga sama ta bayansa.

Wasu suka fashe da dariya, suka waiwaya benci, dariyar ta maƙale. Wasu suka duƙufa kan kofunansu.

"Wasa ne, jama'a, wasa! Kawu Vendelin ya san wasa. Ko ba haka ba, Kawu?" Lumir ya ɗaga murya. "Wurin auna kuwa, tafin hannun tsakiya. Wanda ya tsayar da shi ya yi wa tsoho gata!"

Vendelin ya ɗaga hularsa daga benci, ya mayar. Hular ta yi ta kaɗawa a hanya.

In Lumir ya ci yau, wannan allon zai hau bangon zaure, inda ake bikin aure da taron makoki, ya zauna can bayan kowa ya mutu. Radka ta je ta buɗe jakarta ta fara jera harsasai, a hankali, kamar mai jera alli.

Goggo Kveta ta biyo ta da farantin waina mai cuku.

"Radka, 'yata, wallahi sau biyu ina mayar masa da katakonsa. Ya ce in ban zana ba zai kai wa wani a birni, a yi wanda ya fi wannan muni."

"Kin iya gashin bakin, Goggo."

"Kada ki yi min haka."

"Da gaske nake. Kamar ya yi magana."

Harbin share fage bai ba ta wahala yadda ta zata ba. Maza suka yi ta ba'a daga baya.

"Malama, nan ba allon aji ba ne fa!"

"Ku bar ta, in ta kuskure ta rubuta mana sau ɗari ba za ta sake ba."

Zagaye na farko ya wuce, ba'ar ta ragu. A na ƙarshe sai ƙarar bindiga kawai ake ji. Metod, alƙalin fili, ya je ya duba takardun auna, ya dawo yana sosa ƙeya. Tsoho ne mai jan magana kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi.

"Wadda... za ta kara... da sarki... 'yar Vendelin ce."

Aka yi tafi, har da masu ba'ar. Aka tafi cin abinci.

Sarki ba ya harbin share fage, don haka tun safe Lumir yawo kawai yake tsakanin tebura yana bugun bayan mutane. Radka ta zauna a ƙarshen rumfa da kwanon miyar da ba ta sha ba, tana kallonsa. Kallon mutane dama shi ne abin da ta fi iyawa. Mai shiru ba a lura da idonsa.

Da hagu Lumir yake bugun bayan mutanen. Hannun dama yana cikin aljihu.

Wani ya miƙo masa hannu, ya ciro nasa, ya damƙe hannun mutumin da ƙarfi har ya yi ƙara, ya mayar da nasa aljihu da sauri. Aka kawo masa miya, ya ce ya ƙoshi, ya ɗauki burodi da tsire. Lumir da ke shan miyar Goggo Kveta kwano biyu! Aka ba shi kofin lemo cike taf. Ya sunkuya ya kurɓi bakinsa tun yana kan tebur, sannan ya ɗauka, hagu a mariƙi, dama ta tallafo gindin.

Radka ta ajiye cokali.

Ta san wannan sunkuyon. Ta san aljihun, ta san ƙin miya a gaban mutane. Ta zauna da su a gida ɗaya tun kafin likita ya ba abin suna. Ta dubi wuyan rigar Lumir a ƙarƙashin sarƙa. Maɓallin sama a buɗe yake.

Ta tashi ta nufi shinge. Mahaifinta na fama da tsire a cikin takarda.

"Kin harba da kyau," ya ce, bai dube ta ba. "Saura ki saurare ni. In an buɗe akwati, Amarya za ki ɗauka."

Harbin ƙarshe ba a yin sa da bindigar kowa. Ƙungiya na da nata guda biyu a akwatin katako, don kada mai kuɗi ya sayi sarauta a kanti. Dukansu manya ne, jikin ƙarfe, irin masu tofar da kwanso su ɗora wani harsashin da kansu. Ɗaya baƙin ƙarfe ce zalla, ƙirar ƙasar nan, mai nauyi kamar dutsen guga. Ita ake kira Suruka, wai in ta zauna ba mai ɗaga ta. Ɗayar daga Italiya aka kawo ta, gangar jikinta alminiyam, ba nauyi, ga kyan gani, ga saurin zabura. Ita ce Amarya. Mai ƙalubale ke fara zaɓa, sarki ya ɗauki wadda ta rage.

"Bindigarki ƙanwar Amarya ce, shekara guda kina tare da ita," in ji Vendelin. "Hannunki ya san ta. Suruka za ta karya miki kafaɗa kafin ki gama saiti, kunamarta ma ta yi wa yatsanki nisa. Kowa Amarya yake ɗauka, kuma suna da gaskiya."

"Kai fa, Baba? Shekarun ƙarshe kullum Suruka kake ɗauka."

Ya naɗe takardar tsiren.

"Ni daban. Nauyi yana shanye rawa, in ba ta yi ƙarfi ba. Ita ta rufa min asiri har lokacin da abin ya fi ƙarfinta. Amarya kuwa ba ta da sirri, ko zuciyarki ce ta buga sai ta gaya wa duniya." Ya ɗago ya dube ta. "Me ya kawo wannan tambayar?"

"Ba komai."

"Radka."

"Ka ci tsirenka, ya huce."

Masu ƙaho suka busa. Jama'a suka taru a bayan igiya. Metod ya ɗora akwatin a tebur, ya yi ta laluben makulli a aljihunan rigarsa har aka fara yi masa tsiya, sannan ya buɗe. Bindigogin biyu na kwance kan koren ƙyalle, baki na kallon fili.

Lumir ya tsaya a gefenta, yana warin man aski da albasa.

"Bismillah, Malama, gida naki ne. Ga Amarya can tana miki murmushi. Mata ai sun fi gane wa juna. Ki bar ni da tsohuwar, na saba da masifarta, a gida ma irinta gare ni."

Aka yi dariya. Surukarsa ta gaske, da ke zaune a rumfa, ta ɗaga masa cokali.

Radka ta ɗauki Amarya. Ƙotar ta zauna a tafinta kamar an auna. Ta miƙe hannu, saitin ya hau allon ya tsaya cak, ko gezau. Da wannan ta san inda harsashinta zai shiga. Ta kuma san Lumir da Suruka a hannu ba abin wasa ba ne, ko da rawar. Sai dai a gwada sa'a, ido da ido.

Ta saci kallonsa. Kafaɗunsa sun sauka. Har ya fara ciro hannun dama daga aljihu.

Ta mayar da Amarya kan ƙyalle.

Ta ɗauki Suruka. Nauyin ya ja wuyan hannunta ƙasa, sanyin ƙarfen ya ratsa ta. Ƙotar siririya ce amma kunamar na can gaba, da ƙyar kan yatsanta ya kai.

"Wannan nake so, Kawu Metod."

Fili ya yi guna-guni. Daga bayan shinge ta ji muryar mahaifinta: "Kai! Yarinyar nan!"

"Malama, kada ki ji wa kanki," in ji Lumir, da dariyar da ba ta kai ido ba. "Wannan ta fi ki nauyi. Ajiye, ba wanda zai ce kin ji tsoro."

"Ranka ya daɗe, ai ba a raba ango da amarya. Ga ta nan na bar maka."

Wannan karon dariyar ta jama'a ce duka. Ba su taɓa jin 'yar Vendelin ta yi magana mai tsawon haka ba.

"An... zaɓa," in ji Metod. Ya rufe bakin kowa.

Mai ƙalubale ke fara harbi. Radka ta sa abin toshe kunne, ta tsaya a layi, hagu a aljihu. Ta ɗaga Suruka. Can ƙarshen fili mahaifinta na tsaye a kan katako da hannayensa birjik, ita kuma aikinta ta huda na tsakiya. Ta tuna hannun nan a kan keken da ta koya, ta kore tunanin. Fenti ne. Na gasken yana bayan shinge yana jira.

Kafaɗarta ta fara ƙuna tun ba ta gama saiti ba. Ta san in ta ƙara jira hannun zai sauka. Ta matsa kunama, ta matsa, abin ya ƙi zuwa, sai ta ƙarasa da ɗan fizga.

Suruka ta yi tari guda, ko zabura ba ta yi ba.

Metod ya duba da madubin hangen nesa.

"Ƙasa... da hagu. Ya shiga... hannun riga."

Ba laifi, amma ba harbin sarauta ba ne. Tazarar ta kai faɗin tafi. Lumir na bara zai rufe ido ya fi wannan.

Lumir ya ɗauki Amarya. Ya juya wa jama'a baya yana gyara tsayuwa, ya daɗe yana gyarawa. Radka na kusa da shi, ita kaɗai ke ganin gabansa. Bindigar na ƙasa tukuna, bakinta na kallon tebur, amma tuni ta fara kaɗa kai kamar ƙadangare. Ya damƙe ta da ƙarfi, rawar ta ƙaru. Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe.

Ya lura da idonta. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, leɓe kawai ke motsi.

"Kin sani."

"Tun wajen miya."

"Radka, saurara. Bar ni in harba. Ba zan samu ba, kin gani da idonki. Sarauta taki ce, allo naki ne, ki ƙona shi in kin so. Zan ce rana ce ta shige min ido. Kada ki kira."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma san gaskiya ce. In ta yi shiru ta ci. In ta kira, ita za ta fara, da wannan dutsen a hannu, da kafaɗar da ta riga ta mutu. Kwansonta na faɗuwa an kore ta daga layi, Lumir ya zauna da sarƙarsa ko bai harba ba, allon ya hau bango.

"Ban da nan ba ni da wurin zuwa," ya ce. "Na roƙe ki. A gidanku na girma."

"Na tuna. Kwano biyu kake sha."

Ta cire abin kunnenta, ta juya ga alƙali. Muryar da ta fito ita ce ta aji, wadda ke sa yara su ajiye fensir.

"Kawu Metod, ina shakkar hannun sarki. Na kira kwanso."

Ko masu gashin tsire sun bar wuta sun matso. Wani ya ce, "Tirƙashi." Metod ya dubi Lumir, ya dubi Radka, ya dubi bencin bayan shinge.

"Kin san... ke za ki fara?"

"Na sani."

Ya karɓi bindigogin, ya zare harsasai, ya nuna wa jama'a ba komai a ciki. Ya tsinci kwanson harbinta daga ƙasa, da sauran ɗuminsa. Ta miƙe hannu, ya tsayar da shi a doron Suruka, ya ja da baya, ya cire hula.

"Ido... a buɗe..."

Ba ta taɓa sanin taken nan yana da tsawo ba. Wuta ta kama daga kafaɗa ta gangaro gwiwar hannu.

"Hannu... a tsaye..."

Metod ya tsaya ya yi gyaran murya. Wani ya yi tsaki. Hannunta ya fara sauka, ta mayar da shi da haƙora a cije. Kwanson ya yi rangaji. Jijiyoyinta na karkarwa, tana jin su, amma karkarwar na shiga cikin ƙarfen ta ɓace kafin ta kai doro.

"Baki... a rufe..."

Ta daina kallon kwanson. Ta kafa ido kan zomayen da ke dariya.

"Har... hayaƙi... ya washe."

Metod ya ɗauke kwanson da yatsu biyu. Hannunta ya faɗo kamar ba nata ba.

"Ranka ya daɗe... bismillah."

Lumir ya dubi jama'a. Ya buɗe baki, da alama wata ba'a yake nema, bai samu ba. Ya miƙe hannu da Amarya. Yanzu kowa na gani. Bakin bindigar na zana ƙananan da'irori a iska, rana na walƙiya a jikinta. Metod ya yi ƙoƙarin tsayar da kwanson, ya riƙe shi ɗan lokaci fiye da yadda ya kamata, don tausayi, sannan ya saki.

"Ido..."

Ƙarar ta fito daidai irin ta bara. Kwanson ya yi tsalle a siminti, ya gangara ya tsaya a jikin takalmin Radka.

Ba wanda ya yi tafi. Lumir ya ajiye bindigar. Ya kai hannu zai cire sarƙa, maƙullin bayanta ya gagare shi, yatsunsa na kamawa suna kuɓucewa. Radka ta tsaya tana kallo. Ba ta sa hannu ba, wannan karon kuma ba don ladabi ba ne. Sai da Metod ya zagaya ya cire masa.

Doka ta ce a raka shi bayan shinge. Radka ta raka shi da kanta. A bakin ƙofa ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa, sai da ta yi ɗage.

"Ka huta haka nan, Kawu. Ka yi mai wuyar."

Benci ɗaya ne a wurin. Vendelin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya matsa gefe.

"Zauna, Lumir. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ka sayi riga mai zif, shawara ce kyauta."

Lumir ya zauna a can ƙarshe, ya cusa hannu a tsakanin gwiwoyi.

Sai a sannan masu ƙaho suka tuna aikinsu. Aka rataya wa Radka sarƙar, ta sauko mata har ciki. Aka ɗora mata kofin giya a hannu, hannun ya kasa ɗagawa, ta karɓa da hagu. Maza biyu suka ɗauko allon suka jingina shi a shinge gaban benci.

"A zaure za a rataye, ko gida?" in ji ɗayansu.

"Gida. Murhunmu na son busasshen katako."

Vendelin ya sunkuya yana duban ramin harsashin. Ya kai yatsa, yatsan ya yi ta zagaye kafin ya same shi.

"Kin fizgi kunama."

"Na fizga."

"Da Amarya da kin huda tsakiya."

"Na sani, Baba."

Ya daɗe yana kallonta, kamar yau ya fara ganin ta. Sannan ya koma kan zanen.

"Kada ki ƙona. Yanke min wajen gashin bakin tukuna, ban taɓa yin kyau haka ba."

Goggo Kveta ta matso tana goge hannu a gaban riga. Sabon sarki a ranar yake faɗa wa mai zane abin da yake so, a kunne, ba mai ji sai baɗi.

"To, ranki ya daɗe, me za a zana? Ko furanni za mu yi bana, a huta?"

Radka ta dubi ƙarshen bencin. Wani ya kawo wa Lumir kofi, ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya yana kurɓar bakinsa. Ya ji ana kallonsa, ya ɗago.

Ba ta kai bakinta kunnen Goggo Kveta ba.

"Kalle shi da kyau, Goggo, yadda yake ɗin nan. Kada ki manta maɓallin wuya."